Akwatin da Ba Ya Girgiza

Tun da aka hana lasifika a garin, biki ya koma na shiru. Kowa a maƙala masa abin ji a kunne, makaɗi kuwa ya taka wani ɗan akwati mai kwaikwayon amon tsoffin lasifikoki. Daga waje, ƙarar takalman masu rawa kawai ake ji.

Ɗanliti mai jita ya dire akwatinsa gaban mai gyara.

"Sallau, sa shi ya girgiza."

"Maigida, har muryar lasifikarka da aka ƙwace tana ciki. Me kuma ya rage?"

"Wa ya tambaye ka murya? Girgiza na ce!"

Yau ake bikin 'yar Ɗanliti. Goggonsa Tabawa ta daɗe da kurumcewa, amma a da takan dafa lasifikarsa, kiɗan ya ratsa tafinta, ta cashe har ɗankwali ya faɗi.

"Ai ba a yi shi don haka ba," in ji Sallau.

Ɗanliti ya ja tsaki, ya ɗauki akwatinsa ya fice.

Da la'asar ya kaɗa jitar kamar zai tsinka tsirkiya, fili ya ruɗe da rawa. Goggo ta durƙusa, ta dafa akwatin, ta jira. Can ta ɗago kai.

"Ɗan nan, wai yaushe za ka fara?"