Ɗan Kunnen Inna

Kwana biyar da tsaga hannunsa, jan layi ya fara hawa daga kumburin. Cikin toka ya tsinci ɗan kunnen mahaifiyarsa bayan an ƙona gawarta bisa al'adarsu, mai zanen jiki ya cusa masa shi ƙarƙashin fata, inda ya zana sunanta.

"Tashi mu je asibiti, sarkin taurin kai," in ji yayarsa.

"Zinare ba ya ruɓar da nama, Yaya."

"Wane zinare? Inna ta sayar da shi shekarar da zazzaɓi ya kusa kashe ka. Wannan tagulla ce, ta saya a madadinsa don kada Baba ya gane."

Ya ja hannun riga ya rufe wurin.

"To yanzu ne ma ba mai cire shi."