Kafinta da Katakon Jarrabawa

Yaya, tunda ka ce ka san aikin amma hankalinka ba zai kwanta ba sai ka ɗan bi ta bayan gida, ajiye takalmin tukuna ka ji wannan.

An yi wani kafinta mai zuciya a kusa. In mai kujera ya ce ƙafa ɗaya ta karkace, guduma ce ke ba shi amsa. Haka ya kai shekara arba'in, ko mai tallan goro ba ya son inuwar shagonsa. Wata rana aka kira shi gyaran ƙofa a wani zaure bayan filin wasa, inda wani tsohon soja ke koyar da tekwando, wasan faɗan nan na mutanen Koriya. Ya tarar da magidanta da gemunsu cikin fararen kaya, ba takalmi, suna rusuna wa juna kafin naushi, wanda ya sha kuma ya sake rusunawa kamar an ba shi kyauta. Abin ya ba shi dariya. Bai gama dariyar ba sai ga shi a sahun baya da farar ɗamara a kan tumbi. Maƙwabtansa na kasuwa suka samu abin yi: da ya ɓullo sai mai walda ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tangaɗi, yana tambayar ɗan Koriya yau haƙarƙarin wa za a karya. Da can sai an raba. Yanzu sai ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya rusuna wa mai waldan, ya buɗe shago. Shekara shida yana haka, tumbi ya tafi, ɗamara tana sauya launi, mutane suka dawo zama a bencinsa. Tsohon sojan nan da ba ya yabo, wanda in ka yi daidai ma sai dai ya yi gyaran murya kamar tsohuwar ƙofa, ya ce masa in ya sami baƙar ɗamara shi zai riƙe ajin yamma. Kafinta bai taɓa son wani abu a duniya kamar wannan ajin ba.

To, al'adar jarrabawar baƙar ɗamara ita ce mutum ya fasa katako da hannu a gaban jama'a, mutum biyu suna riƙe masa. Kuma duk katakon da aka taɓa fasawa a zauren nan tun zuwansa, daga shagonsa ya fito, shi ke yankawa ya kawo. Ya san itace fiye da yadda ya san hannunsa. Ya kuma tuna wani ƙato da ya daki katako bara, katakon ya ƙi, yatsu suka yarda. Ana saura kwana biyu, da rana tsaka, ya ja ƙofar shago, ya zaɓi guda, ya bi bayansa da siririn zarto har rabin kauri. Ya cike tsagar da garin katako da gam, ya goge da samfefa, ya ɗiga alamar fensir a gefe. Aiki ya yi kyau, ko shi sai ya kai ido kusa. Ranar jarrabawa zaure ya cika, har mai walda ya zo da sabuwar hula. Kafinta ya yi duk abin da aka tambaye shi ba tuntuɓe, ya zaro katakonsa ya miƙa da hannu biyu. Cikin masu riƙewa akwai wani direban tirela, mutum mai son a ga ya yi ƙoƙari. Ya kafa ƙafa, ya cije leɓe, ya danna iya ƙarfinsa don kada katako ya motsa. Kafinta bai ko ɗaga hannu ba aka ji ƙaras. Direba ya tsaya da rabi a hannu yana kallon tafinsa, gari yana zuba a kan tabarma. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina. Tsohon sojan ya ɗauki ɓarin, ya bi bakinsa da yatsa, ga shi miƙe sumul kamar an ja da layi. Ya shinshina gam ɗin. Ya ce, "Aikinka da tsabta, kafinta. Shekara shida ina koya wa hannunka, ashe zarto ka kawo jarrabawa." Ya kwance masa ɗamara da kansa, ya naɗe, ya nuna masa inda takalmansa suke.

Bai tsaya a kansa ba. Duk wanda ya taɓa fasa katako a zauren sai ya shiga duban ɗamararsa. Wata malamar asibiti da ta kumbura hannu kafin ta sami tata ta bi shi har ƙofa, ta tambaye shi ko nata ma ya taimaka mata. Ya rantse bai taɓa ba, gaskiya kuma ya faɗa, amma wa zai yarda? Ya koma shago da la'asar, ya jera katako biyu lafiyayyu a kan bulo, ya dake su don haushi. Duka biyun suka rabe. Akuyar maƙwabta ce kawai ta gani, ita ma ba ta daina tuƙa ba.

Hannun nan da ma ya isa, Yaya. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira, an rasa ido.