Zoɓon Ranar Litinin

Kai da kullum idonka ke kan motar maƙwabcinka, zauna ka ji, ba zan maimaita ba.

Direbobi biyu ne a tasha ɗaya, hanya ɗaya suke bi. Ɗaya mata 'yan kasuwa sun yarda da hannunsa. Ko motar ɗayan ce ke lodi, sai su zauna bisa buhunansu su ce sai direbansu ya dawo. Abin nan ya ci ɗayan har ya rame. Ba a zage shi ba, ba a taɓa shi ba, farin jinin wani kawai ya hana shi sakat. Sai ya ƙulla a ransa zai sa a kama mai farin jinin da warin giya a shingen jami'an hanya, matan nan su ga gwaninsu da ankwa. Ya sayo ogogoro, giyar nan mai zafi, a ɓoye ya tuttula cikin gorar zoɓo. Ya kurɓa, ya ji wari, ya ƙara citta. Ya sake kurɓa, ya ƙara kanumfari. Mutumin da bai taɓa sha ba, wajen ɗanɗano ya shanye rabin gora. Ya miƙa wa abokin aikinsa da fara'a har kunne, shi kuwa ya ce, "Allah ya saka, ɗan'uwa, amma yau Litinin, ina azumi."

Ana haka ɗan kamasho ya ƙwala kira, motar mai hassada ta cika. Bai bar gari ba ya ga titi ya zama biyu, ya zaɓi wanda babu, ya kwashe wani mai garuwa ya karya masa cinya. Jami'ai suka sa ya hura 'yar na'urarsu ta gwajin giya, ta tona shi. Gaban alƙali aka ce ya yi bayani. In ya ce don kansa ya sha, laifi ɗaya. In ya ce tarko ya ɗana wa wani, laifi biyu. Ya haɗiye maganarsa, ya amsa sunan mashayi. Aka ƙwace lasisinsa, aka tura shi gidan yari. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana can yana cin gabza, motarsa na tsatsa a bayan caji ofis. Wa kake tsammani ke kai wa iyalinsa masara? Mai azumin nan. Wannan kuwa ya fi ɗaurin yi masa ciwo.

Ba banza ba magabata suka ce: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.