Saiwar Jinin Mutum

Likitan ya murza saiwar da aka samu a aljihun dattijon, yatsunsa suka yi ja. Ya dubi idanun da suka koma ruwan ɗorawa, ya yi bayani da Larabci cewa hanta ta kumbura. Dattijon bai gane komai ba.

Tun bayan yaƙin Kuwait yake kiwon raƙuman kafilinsa, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, a bayan Riyad, ba abokin hira sai dabbobin. Da aka yi ruwa, ya ga tsiron jinin mutum cikin rairayi, irin wanda innarsa ke haƙowa a Nguru. Ya riƙa dafa saiwar yana sha safe da yamma, don ita kaɗai ya sani a ƙasar nan.

Likitan ya lura da tsagen fuskarsa. Sai ya lalubo Hausar kakarsa, wadda ta zo hajji a ƙasa ba ta koma ba.

"Baba, wannan dafi ne. Yana cin hanta. Ka bari."

Dattijon ya damƙe ƙarfen gado. "Ɗana, sake faɗi."

Ya kuwa bari. Idanu suka washe, aka sallame shi. Amma duk ranar da motar da ke kai wa raƙuma ruwa za ta shiga gari, sai ya biyo ta zuwa asibiti, ya ce cikin ne ya motsa.

Likitan ya san lafiyarsa lau. Yakan tura ƙofa, ya jawo kujera.

"Baba, me ake ce wa wanda ya dawo gida? Kakata ta koya mini, na manta."