Tikitin Jiran Gurbi

Yaya ta sake gyara zama a kan kujerar ƙarfe mai sanyi, idonta na kan ma'aikaciyar da ke tsaye a ƙofar shiga jirgi. Jiya a nan ta wuni, shekaranjiya ma haka. Jirgi ya cika ya tashi, ita kuma ta ja akwatinta ta koma gida kamar wadda ta zo rakiya.

Tikitinta na jiran gurbi ne. Surukinta, mai gyaran injin jirgi a can ƙasar da suke zaune da 'yarta, shi ya samo mata cikin rabon ma'aikata. Yana da araha, amma ba shi da kujera. Sai kowa ya gama shiga, in wani bai zo ba, sannan a kira ka. Jibi za a yi wa 'yarta aiki a ciro jariri, tafiyar kuwa doguwa ce, har da kwana a sama. In jirgin yau ya tafi ba ita, sai dai ta ga jikanta na fari a waya.

Amma ba jiran ne ya fi cin ranta ba. Ƙanwarta ce, Auta, da ke zaune kusa da ita da cikakken tikiti, har da lambar kujera, tana barbaɗa gishiri a kan soyayyen dankali kamar gobe za a hana sayar da shi. Yaya ta kau da kai. Ita likita ya daɗe da raba ta da gishiri saboda hawan jini, Auta kuwa ko mangwaro za ta sha sai ta sa masa.

Haka Auta take, komai a sauƙaƙe yake zuwar mata. Ita ke da kantin magani, ita ke da mota. Da mijin Yaya ya rasu, keken ɗinki ya kasa riƙe gida da makaranta, Auta ce ta ɗauki yarinyar. Yarinya ta tashi tana ce wa Auta Mama, uwar da ta haife ta kuma tana ce mata Yaya, yadda ta ji ana faɗa. Yanzu jika ma Auta ce za ta fara ɗauka. Kishi ya tokare wa Yaya ƙirji, ba ta ma ƙoƙarin ɓoye wa kanta.

Gaskiya dai, a watan jiya Auta ta ce za ta saya mata tikiti mai kujera. Yaya ta rantse ba za ta karɓa ba, ta ce ba ta kai matsayin da za a yi mata sadakar zuwa ganin 'yar cikinta ba. Kwana biyu da yin haka sai ga Auta ta sayo nata, a daidai jirgin ƙarshe da zai isa kafin aikin. Wato in ba nuna isa ba, mene ne wannan?

Ko akwati Auta ba ta ɗauko ba, sai 'yar jakar hannu. Masu kuɗi ke nan, a can za ta sayi sababbi. Kayan jariri da ta sayo ma a akwatin Yaya ta cusa su, wai ita ba ta son ɗawainiya. Sau biyu tana tashi ta je wurin ma'aikaciyar ta tambayi wa ke kan gaba cikin masu jira. Da aka ce mata Yaya ce, ta dawo tana murmushi, murmushin da ya sa Yaya ta ji kamar ta mare ta.

Aka fara kiran fasinjoji. Layi ya miƙe, Auta ta share bakinta ta tashi.

“Yaya, bari in kewaya in dawo.”

“Yanzu da ake shiga?”

“Ai ba zan daɗe ba.”

Layi ya yi ta raguwa har ya ƙare. Lasifika ta kira sunan Auta, ta sake kira, ta ce wannan ne kira na ƙarshe. Yaya ta zaro waya, ta nemo lambar ƙanwarta, yatsanta ya tsaya a kai. Ta tuna muryar 'yarta tana cewa Mama. Sai ta kife wayar a cinya.

Ma'aikaciyar ta duba agogo, ta ɗago ta yafito ta. Fasinja ɗaya ba ta zo ba, kuma tunda ba ta da kaya a cikin jirgi, babu dalilin jiran ta. Ta miƙa wa Yaya takardar shiga, da lambar kujerar Auta a jiki.

Yaya ba ta waiwaya ba. Da jirgi ya ɗaga, ta ji daɗi har cikin ƙashinta, da 'yar kunya kaɗan wadda ta danne. Har ta shirya abin da za ta gaya wa 'yarta: Mamarki ta tsaya shafa hoda a gaban madubi, jirgi ya bar ta.

Kafin a fara raba wa kowa abinci, wata ma'aikaciya ta zo da tire guda a rufe, ta dubi lambar kujerar, ta ajiye a gabanta. Yaya ta ce an yi kuskure, ita ba ta nemi komai ba.

“Ba kuskure, Hajiya,” in ji ma'aikaciyar. “Tun ranar da aka sayi kujerar nan mai ita ta ce a tanadi abinci marar gishiri, na mai hawan jini.”