Wajen Wa Ta Gado?

"Ƙwayar cutar tana shiga mata da yawa, Malam," in ji likitan Rano, bayan sankarar bakin mahaifa ta ɗauke matar mutumin da ke gabansa. "Jikin wasu ya kore ta, na wasu ya kasa. Har da gado a ciki."

Mutumin ya ƙare wa tilon 'yarsa kallo. Ga irin kunnuwansa kamar faifai, ga irin hancin da ya sha tsiya a kansa. Bai taɓa gode wa Allah a kan muninsa ba sai ranar.

"Alhamdulillahi, ni ta biyo, likita."

Sai a hanyar komawa gida Kahu, yarinyar tana bayansa a babur, ya tuna marigayiyar 'yar baffansa ce, jininsu ɗaya. Shi ne ma ya dage a kan auren, wai tuwona maina.