Mahaucin da Ya Ja Ƙafar 'Yarsa

Kai da ka rantse yaronka ba zai huta ba sai ya ciwo maka kofi, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mahauci, tsohon ɗan dambe, da neman abinci ya kai shi wata ƙasa mai sanyi, inda ruwa kan daskare har a yi tafiya a kansa. A can aka haifa masa 'ya mace. Mutanen ƙasar suna da wani wasa: a sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, siriri kamar bayan wuƙa, a hau filin ƙanƙara ana zamewa ana bin kiɗa, a yi tsalle a juya a sama, a dira da ƙafa ɗaya, alƙalai na zaune suna ba da maki. Tun tana 'yar mitsitsiya yarinyar ta shiga wasan, kuma Allah Ya ba ta. Ta cinye 'yan unguwa, ta cinye 'yan gari, kafin ta zama budurwa ta share lardin kaf. Uban da farko cewa ya yi shiririta ce. Da ya ji ana kiran sunansa a lasifika bayan nata, shi ke nan, ya zama mai ɗaukar mata jaka. Duk wanda ya shiga shagonsa sayen tsoka sai ya sha labarin 'yar, ko ya so ko ya ƙi. Yana sonta, kada ka ce ba ya sonta. Amma yana kuma son tafin nan da ya rabu da shi tun ranar da ya kwance zaren dambe daga hannunsa.

Sai babbar gasar ƙasa ta matso, wadda daga ita ake zaɓen masu fita su kara da duniya. Ana cikin atisaye yarinya ta dira a karkace, idon sawunta ya kumbura suntum. Matar da ke koyar da ita ta duba, ta ce a kai ta asibiti a ɗauki hoto, ta haƙura da bana, baɗi na nan. Wai baɗi. Mahauci ya ja tsaki. Shi da ya tsufa yana sassara ƙashi, yana raba gaɓa da gaɓa, shi za a koya wa ƙafa? Targaɗe ne, in ji shi, kuma a garinsu ba a kai targaɗe asibiti, ja ake yi. Haka ubansa ya yi masa a bakin fage, ya tashi ya koma ya kayar da ƙato. Abin da bai tuna ba, dabbar da yake sassarawa ba a neman ta sake tsayawa da ƙafarta.

Ya zaunar da ita, ya gasa wurin da ruwan zafi da tsumma, ya shafa man kaɗanya, ya kama diddige ya murɗa ya ja da ƙarfin mahauci. Ashe ƙashin tsagewa ya yi, ba gocewa ba. Yarinya ta cije bakin rigarta, hawaye na zuba. Ya ce, “Kin ji sauƙi ko?” Ta ce, “Na ji, Baba.” To me za ta ce? An taso da ita ba a musu da uba, ga shi ta ga ya gayyato duk 'yan garinsu da ke ƙasar, mata har sun fitar da anko. Uwar yarinyar ta buɗe baki za ta hana, ya ce mata ba ta san fage ba. Ya naɗe ƙafar tam, irin naɗin da ake wa hannun ɗan dambe, ya je ya gaya wa mai koyarwa an duba, lafiya ƙalau. Ƙarya ya yi, ya kuma san ƙarya ce, amma a ransa taimako yake yi.

Ranar gasa yana zaune a layin gaba, babbar riga sai ƙamshi take. Yarinya ta fito, ta zame, ta juya, mutane suka yi tsit don kyau. Ta zo kan babban tsallen, ta tashi sama, ta juya, ta dira a kan ƙafar nan. Kiɗa na tashi, amma shi ya ji ƙarar fashewar ƙashi, ya kuma gane ta kafin kowa, don ita yake ji kullum a kan gungumen shagonsa. Likitoci suka ce tsagewar farko da an bar ta da kanta za ta haɗe kafin sanyi ya dawo. Ja da ɗauri da dirar nan su suka farfasa gaɓar. Aka sa mata ƙarfe. Za ta yi tafiya da ɗingishi, amma ita da ƙanƙara har abada.

Yaran da take cinyewa su suka fita karawa da duniya. Ita kuwa har yau ba ta taɓa ce masa kai ka jawo ba, kuma wannan ya fi komai cinsa. Da za ta zage shi da ya samu sauƙi. Kullum da safe yana jin takunta, ɗaya da nauyi ɗaya a ja, ta iso, ta yi ƙoƙarin durƙusawa ta gaishe shi, ƙafar ta ƙi lanƙwasawa, sai ta gaishe shi a tsaye ta ce ya yi haƙuri.

To, ka je ka yi yadda ka ga dama da naka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.